Alli Da Tsumma Sun Koma Cikin Kwamfuta

A ma'aikatun gwamnati da manyan makarantu da dama na ƙasar nan, majigi ya riga ya kori baƙin allo daga ɗakin taro. Sai dai kuma da aka fitar da allon an haɗa har da wasu abubuwa uku waɗanda ba a san darajarsu ba sai da aka rasa su, watau alli, da tsumman goge allo, da sandar nuni. Abin da akan gani yanzu shi ne jami'i ya haska jadawalin kasafin kuɗi mai layi 40 a jikin bango, sa'an nan ya tsaya yana cewa a dubi adadin da ke can wajen tsakiya ta hannun dama, alhali kuwa waɗanda ke zaune a baya ba su ganin komai sai lambobi kamar jerin tururuwa. Wani yakan taso ya ɗora yatsa a bango, inuwarsa ta rufe rabin jadawalin. Wani kuma ya yi ta kaɗa 'yar kibiyar linzami, wadda ko na kujerar gaba da ƙyar yake iya bin ta da ido. Ta haka akan amince da adadin da ba a gani ba, ko kuma ɗalibi ya kwafi layin da ba shi malaminsa yake nufi ba.

Akwai maganin wannan, kuma ba sai an nemi izinin kashe ko kwabo ba. Wasu ƙananan manhajoji ne da ke bai wa mutum damar yin zane da rubutu a kan duk abin da ke fuskar kwamfutarsa, ko jadawali ne, ko taswira, ko wasiƙa, ko shafin intanet. Yadda suke aiki kuwa kamar a ɗauko farin gilashi ne a ɗora a kan takarda, a yi ta zane a jikin gilashin. Takardar da ke ƙasa ba abin da ya same ta, da an ɗauke gilashin za ta koma yadda take. Wanda ya riƙe wannan misali na gilashi ya fahimci amfanin waɗannan manhajoji, kuma zai fahimci haɗarinsu idan aka zo kansa.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1963 wani ɗalibin babbar makarantar fasaha ta MIT a Amurka, Ivan Sutherland, ya nuna yadda za a yi zane kai tsaye a fuskar kwamfuta da wani alƙalami mai aiki da haske. Jama'a kuwa a talabijin suka fara sanin abin sosai, musamman daga 1982, lokacin da mai sharhin wasanni John Madden ya riƙa zana da'ira da kibiya a kan hoton 'yan wasa a wasan ƙarshe na gasar ƙwallon Amurka, don masu kallo su ga inda kowa ya bi. Masu kallon sharhin ƙwallon ƙafa na Ingila sun saba da irin wannan zane. Bambancin kawai shi ne abin da a da sai gidan talabijin ke iya mallaka, yau yana iya zama a kwamfutar akawu.

MANHAJAR DA INJINIYA YA YI WA KANSA

Daga cikin irin waɗannan manhajoji, wadda ta fi dacewa a yi misali da ita ita ce ZoomIt, domin kyauta ce, kuma an yi ta ne don Windows, wanda shi ne ke bisa yawancin kwamfutocin ofisoshi. Wanda ya rubuta ta shi ne Mark Russinovich, ɗaya daga cikin mutane biyun da suka kafa Sysinternals a 1996, wanda kamfanin Microsoft ya saye a 2006. Shi da kansa ya bayyana cewa don biyan bukatarsa ya yi ta, saboda yawan laccocin da yake gabatarwa a gaban taro, kuma ana ganin alamar haka a jikinta. Ba ta da ado, ba ta kuma da jerin gumaka da za su tsaya a gefen fuskar kwamfuta suna cin wuri. Idan aka tashe ta sai ta koma ta laɓe a kusurwar ƙasa kusa da agogo, ba a ƙara jin ɗuriyarta sai an kira ta da maɓalli. A watan Janairu na 2025 Microsoft ya shigar da ita cikin tarin kayan aikin nan da ake kira PowerToys, ya kuma buɗe asalin rubutunta ga duk mai son dubawa.

Kiran nata da lambobi ake yi, tare da maɓallin Ctrl da ke kusurwar hagu ta ƙasa. Idan aka danne Ctrl aka taɓa 1, fuskar kwamfuta za ta kumbura, watau wurin da linzami yake ya matso kusa, ƙananan lambobi su zama manya. Da 'yar tayar da ke tsakiyar linzami ake ƙara girman ko a rage shi, in kuwa babu linzami sai a yi da maɓallan kibiya na sama da ƙasa. Ana cikin haka in aka latsa linzami ta hagu sai kibiyar ta rikiɗe ta zama alƙalami. Wanda ba ya bukatar ƙara girma, zane kawai yake so, sai ya danna Ctrl da 2, alƙalami ya fito nan take.

Launin tawada da harafi ɗaya ake sauya shi, kuma harafin shi ne na farkon sunan launin da Turanci. R na ja ne, G na kore, B na shuɗi, Y na ruwan ɗorawa, O na ruwan goro, P kuma na ruwan hoda. In aka haɗa harafin da Shift sai tawadar ta zama shara-shara, irin wadda ake shafawa a kan layi don ya fito fili ba tare da an rufe rubutun ba. Haruffan W da K su ne na fari da baƙi, da su ake mayar da fuskar gaba ɗaya farin allo ko baƙin allo, malami ya yi lissafinsa kamar yadda ya saba. Harafin T kuma yana ba da damar buga rubutu a duk inda alƙalamin ya tsaya.

Inda manhajar ta fi taimakon mai rauni shi ne wajen siffofi. Kowa ya san zane da linzami kamar rubutu da gawayi ne a hannun hagu, da'irar mutum takan fito kamar tsohuwar ƙwarya da ta sha ɗinki. To, idan aka danne Shift ana jan linzami, layi zai fito a miƙe sambal. Idan Ctrl aka danne, akwati mai kusurwa huɗu zai fito, wanda ya dace da kewaye adadi a jadawali. Tab yana ba da da'ira ko siffar ƙwai, Ctrl da Shift tare kuma su ba da kibiya. Idan hannu ya goce sai a danna Ctrl da Z, zanen ƙarshe ya ɓace. Harafin E shi ne tsumma, yana share duk abin da aka zana a lokaci guda. Maɓallin Esc da ke can kusurwar sama ta hagu shi ke ɗauke gilashin ɗungurungum, a koma kan aiki.

A nan ne sababbin shiga sukan yi asara. Da zarar an taɓa Esc zanen ya tafi ke nan, ba ya dawowa. Malamin da ya ɓata minti 10 yana warware lissafi a farin allo, idan yana son ɗalibai su samu, lalle ne ya danna Ctrl da S ya adana hoton tukuna, ko Ctrl da C ya kwafe shi ya liƙa a wani wuri. Har ila yau ya kamata a sani cewa a lokacin da aka danna Ctrl da 1 ko Ctrl da 2, hoton fuskar kwamfutar ne manhajar ta ɗauka ta tsayar, saboda haka idan fim ne ake nunawa za a ga ya daskare. Mai son ƙara girma alhali abubuwa suna ci gaba da motsi, Ctrl da 4 zai danna.

Akwai wasu biyu da masu shirya bita za su so. Ctrl da 3 yana fito da babban agogo mai ƙirga lokaci baya-baya, wanda yakan fara daga minti 10 in ba an sauya ba. Duk wanda ya taɓa shirya taron ƙara wa juna sani ya san yadda hutun shan shayi na minti 10 yake zama na rabin sa'a, to agogon da ke bango yana faɗa wa kowa gaskiya ba tare da an ɓata wa wani babba rai ba. Ctrl da 5 kuwa yana ɗaukar fim na duk abin da ke faruwa a fuskar kwamfuta, har da zanen, wanda za a iya aika wa wanda bai sami halarta ba.

ME YA SA SAI DA MAƁALLI?

Mai karatu yana iya tambaya, me ya sa mutum zai wahalar da kansa da haddar maɓallai, tun da akwai manhajoji masu gumaka a jere, irin su Epic Pen da gInk, inda zai ga hoton alƙalami ya latsa, ya ga na magogi ya latsa? Amsar tana wajen masu sauraro. Duk lokacin da mai jawabi ya janye linzami daga kan adadin da yake bayani ya tafi neman gunki a gefe, idanun mutanen ɗakin gaba ɗaya sun bi shi can, maganarsa ta yanke, shi kansa ya sunkuyar da kai ya bar kallon jama'a. Kafin ya dawo wani ya ciro wayarsa. Amma idan hannun hagu yana kan maɓallai, na dama yana kan linzami, launi zai sauya, kibiya ta fito, a goge, duk ba tare da an daina magana ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma a nan ma haka abin yake. Tsofaffin masu buga tafireta na sakatariya, waɗanda ke buga wasiƙa suna duban daftari ba su duban yatsunsu, sun san wannan sirri tun kafin a haifi yawancin masu riƙe da kwamfuta a yau. Su ma manhajojin masu gumaka suna da nasu maɓallan na yanke, kuma waɗanda suka ƙware da su nan suke komawa.

Ba kuwa sai an haddace duka ba. Mutum ya riƙe biyar sun ishe shi shiga taro: Ctrl da 1, Ctrl da 2, Ctrl da Shift na kibiya, E, da Esc. Sauran za su zo da kansu in bukata ta taso. Abin da bai kamata ba shi ne a fara gwaji a gaban Babban Sakatare. A gwada a ofis tukuna har sai yatsu sun saba.

Wanda aikinsa bai wuce nuna shafukan PowerPoint ba, ba ya ma bukatar sauke komai, domin akwai alƙalami a ciki wanda mutane da yawa ba su san da shi ba. Ana cikin nuni, Ctrl da P yana fito da alƙalami, Ctrl da I tawada shara-shara, Ctrl da L ɗigon jan haske na nuni, E ya share zanen shafin, B ya baƙanta fuskar don hankalin jama'a ya dawo kan mai magana. In an gama zai tambaya ko a adana zanen ko a zubar. Iyakarsa dai ba ya fita daga PowerPoint, da an koma kan jadawalin Excel ko shafin intanet ya zama ba shi da amfani.

Akwai wani karo da ya kamata ma'aikatan ofis su sani tun da wuri. Muddin ZoomIt tana laɓe, ita ce ke fara cafke maɓallanta kafin kowace manhaja. To, a cikin Excel, Ctrl da 1 shi ne ke buɗe wurin tsara gidajen jadawali, a cikin Word kuma Ctrl da 1 da Ctrl da 2 su ne na tazarar layi, a manhajar shiga intanet kuwa da su ake tsallakawa daga shafi zuwa shafi. Akawun da ya saba da waɗannan zai ga kwamfutarsa ta kumbura masa a fuska, ya zaci ta lalace. Ba ta lalace ba. Sai ya buɗe saitin manhajar daga kusurwar agogo ya sauya mata maɓallai, alal misali ya ƙara Alt a cikin haɗin, rigima ta ƙare. Haka kuma wanda ke aiki tsakanin Nijeriya da Jamhuriyar Nijar ya lura cewa a jerin maɓallai irin na Faransa, wanda aka fi amfani da shi a Maraɗi da Damagaram, harafin Z da W sun yi musayar wuri, haka ma A da Q. Yatsan da ya saba zuwa Ctrl da Z don gyara kuskure zai faɗa kan Ctrl da W, wanda a manhajoji da yawa rufe shafi yake yi.

Game da zanen kansa, yawansa ɓata shi yake yi. Shafin da aka cika da da'ira 7 da kibiya 5 cikin launi 4 ya koma gidan jiya, ba wanda zai san inda zai duba. Alama ɗaya a lokaci ɗaya, a goge ta kafin a yi ta gaba. Ruwan ɗorawa ba ya fitowa a kan farin shafi idan hasken rana yana shigowa ɗakin, wanda kuwa haka yawancin azuzuwa suke. Kuma akwai mutane, galibinsu maza, waɗanda idonsu ba ya bambanta ja da kore sosai, saboda haka kada a ce ja shi ne gibi kore shi ne rara a tsaya nan, gara a bambanta su da siffa, wannan akwati wancan da'ira.

Tun daga 2020, lokacin da annobar korona ta sa aka rufe makarantu, har Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta fara zama ta intanet a watan Mayu na shekarar, taro daga nesa ya zama ruwan dare. A irin wannan taro ba bangon da za a ɗora wa yatsa, don haka alƙalamin fuskar kwamfuta ya ƙara daraja. Amma akwai sharaɗi. Idan mutum ya zaɓi nuna tagar manhaja ɗaya kawai, mahalarta ba za su ga zanen ZoomIt ba, domin gilashin a kan fuskar gaba ɗaya yake, sai ya yi ta zane shi kaɗai yana tsammani ana gani. Dole ya nuna fuskar duka. In kuwa ya yi haka, duk saƙon da ya faɗo daga gida ko daga banki kowa zai karanta, saboda haka a rufe WhatsApp da akwatin wasiƙu kafin a fara.

TAWADA BA TA RUFE ASIRI

Babban haɗarin yana wajen waɗanda ke amfani da alƙalamin don ɓoye abu. Ya zama al'ada ma'aikaci ya ɗauki hoton takardar albashi, ko jerin sunayen waɗanda aka yi wa ƙarin girma, ya shafa baƙar tawada a kan lambar asusu ko lambar BVN ko ta NIN, sa'an nan ya tura cikin zauren abokan aiki. A nan ne misalin gilashi yake dawowa. Idan tawadar shara-shara ce, ko da an maimaita ta sau da yawa har ta yi kama da baƙa ƙirin, wanda ya ƙara wa hoton haske yana iya karanta abin da ke ƙasa. Idan kuwa a kan takardar PDF ko ta Word aka zana baƙin akwati, rubutun yana nan daram a ƙarƙashinsa.

Wannan ya taɓa faruwa ga manyan lauyoyi. A watan Janairu na 2019 lauyoyin Paul Manafort, tsohon shugaban yaƙin neman zaɓen Donald Trump na 2016, sun miƙa wa wata kotu a Amurka takarda wadda suka rufe wasu sassanta da baƙaƙen layuka. 'Yan jarida suka kwafi wuraren da aka rufe suka liƙa a wani shafi, sai ga maganar da ake ɓoyewa ta fito ƙuru-ƙuru, duniya ta karanta a ranar.

Ko yanke gefen hoto ma ya taɓa ba da kunya. A watan Maris na 2023 masu bincike suka gano cewa manhajar gyaran hoto ta wayoyin Pixel na kamfanin Google, da kuma Snipping Tool na Windows 11, idan aka yanke hoto aka adana shi a kan na asali, ba su share ragowar tsohon fayil ɗin, sai su rubuta sabon a kansa su bar wutsiyar. Daga wannan wutsiya ana iya dawo da wani ɓangare na abin da aka yanke ko aka rufe. Kamfanonin biyu sun toshe ɓarakar a cikin watan, amma hotunan da aka riga aka tura kafin nan suna nan yadda suke a hannun waɗanda suka karɓa. Alƙalamin dusashe rubutu, wanda a ZoomIt harafin X ke fito da shi, ya isa a kare lamba daga idon mutanen ɗakin taro na ɗan lokaci, amma ba abin dogaro ba ne ga hoton da zai fita waje, musamman ga lamba gajera mai adadi 11 irin ta BVN, wadda siffar haruffanta sananniya ce.

Ga ma'aikacin gwamnati wannan ya wuce batun jin kunya. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan tana aiki, ga kuma rantsuwar riƙe asiri da ake yi lokacin kama aiki. Daɗin daɗawa, a watan Yuni na 2023 Shugaba Bola Tinubu ya sa hannu a kan Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta kafa hukuma ta musamman, ta kuma ɗora wa duk ma'aikatar da ke riƙe da bayanan mutane alhakin tsare su. Lambar asusun masinja da ta fita daga ofishin albashi ta hanyar hoton da aka shafa wa tawada sama-sama tana cikin abin da dokar ke magana a kai.

Hanyar da ta fi aminci ita ce a cire abin tun daga tushe. A yi kwafin jadawalin, a goge gidajen da ke ɗauke da lambobin asusu da na shaida daga cikin kwafin, sa'an nan a haska shi ko a ɗauki hotonsa. Idan kuwa hoto ne kawai ke hannu, a rufe wurin da tawada mai kauri wadda ba shara-shara ba, a sake ɗaukar hoton abin da ke fuskar kwamfuta, a adana shi da sabon suna, a buɗe shi a ƙara masa girma da haske a duba kafin a tura. Ita kuma manhajar, daga shafin Microsoft kaɗai za a sauke ta, domin akwai shafukan da ke cusa ƙwayar cuta cikin manhajojin kyauta, kuma idan kwamfutar ta ofis ce a fara sanar da jami'in da ke kula da na'urorin ma'aikatar.